Darasi na 14: Ayu da Kaɗanya

Mai iri biyu ne ya haɗa mu a wannan darasi. Na farko babu gidan da bai san shi ba, wato man kaɗe, wanda mata ke kasawa curi-curi a kasuwar Gaya da ta Ajingi. Shi ake shafa wa jariri, shi mai ɗori yake murza wa wanda ya yi targaɗe, shi ake cusa wa kaushi in hunturu ya kama. Na biyu kuwa sai wajen masu maganin gargajiya a manyan kasuwanni irin ta Wudil, a 'yar ƙaramar kwalba, da tsadarsa: man ayu. Ɗaya daga bishiya ya fito, ɗaya daga jikin wata dabbar ruwa.

A ido babu abin da ya gama kaɗanya da ayu. Amma akwai wata ƙungiya ta duniya mai suna IUCN, wadda aka kafa a 1948, da ke ajiye kundin dabbobi da tsirran da ake fargabar ƙarewarsu. Ta kasa waɗanda ke cikin haɗari hawa uku: masu rauni, sai masu fuskantar ƙarewa, sai waɗanda suke dab da ƙarewa. Ayu da kaɗanya duk suna hawa na farko. Ma'ana da sauransu, kuma da sauran dama, sai dai kullum raguwa suke yi. Za mu duba dalili, mu ga inda suka yi kama da inda suka rabu, domin ɗaya daga cikinsu a gonakinmu take tsaye.

Ayu

Yawancinmu sunan ayu kawai muka sani, ba mu taɓa sa shi a ido ba, kuma da dalili. Kogin nan da ya samu daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, ya ratsa Wudil, ya bi ta gefen ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗeja, ba gidan ayu ba ne. Shi ruwa mai ɗumi yake so, wanda ba ya ƙafewa da rani. A Najeriya ana samunsa a kogin Neja da Binuwai da rassansu, da tafkin Kainji, da tafkin Pandam na Jihar Filato, da ruwayen bakin teku a kudu. A Afirka kuwa yana cikin ƙasashe 21, tun daga Senegal har Angola.

Mutane da yawa sun ɗauka kifi ne. Ba kifi ba ne. Kifi yana samun iska daga cikin ruwan kansa, ayu kuwa huhu gare shi. Bayan 'yan mintuna sai ya taso ya fito da hanci ya shaƙi iska, ya rufe ƙofofin hancin ya sake nutsewa, in yana hutawa kuma yakan daɗe fiye da haka a ƙasa. Macen ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, kuma tana ba ɗanta nono, wanda yake a ƙarƙashin hammatarta. Wannan ne ya sa masana suka sa shi cikin dabbobi masu shayarwa, ajin da akuya da raƙumi da ɗan Adam suke ciki. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, cikin manyan dabbobin tudu babu wadda ta fi kusa da shi a dangantaka kamar giwa.

Babban ayu yakan kai tsawon mita uku ko ya ɗan wuce, nauyinsa kuma kilo 300 zuwa 500. Yana da hannuwa biyu gajeru masu farce, ba shi da ƙafafun baya, sai faffaɗar wutsiya da yake tura ruwa da ita. Ba ya cizo, ba ya tunkuyi, ba ya kai wa kwalekwale hari yadda dorina ke yi. Kiwo ne aikinsa: burugu da kainuwa da sauran ciyayin ruwa, wani lokaci ya haɗa da ƙananan halittun ruwa. Saboda yashin da ke cikin ciyawar yana cinye masa haƙora, Allah ya yi masa wata baiwa: turamen haƙoransa suna tsirowa daga baya, suna matsowa gaba sannu a hankali, na gaba in ya lalace ya faɗi, na baya ya maye gurbinsa, haka har ya mutu.

To me ya same shi? Farauta ita ce kan gaba. Tun da daɗewa akwai masunta da suka ƙware a kansa, irin Sarkawan bakin Neja, amma a da da mashi ake yi, kuma sai gwani, sai an yi kwana da kwanaki ana dako. Yanzu ga ragar roba mai ƙarfi, ga kwalekwale mai inji, ga kasuwa tana jira, domin nama da mai da fata da ƙashi duk kuɗi ne. Wani kuma ba shi aka nufa ba, cikin ragar kifi yake faɗawa ya kasa tasowa shan iska, ya mutu a cikin ruwan da aka haife shi. Kada mu manta masunci ma yana da nasa kukan, don ayu yana yaga masa raga, yana kuma shiga gonar shinkafa in ruwa ya yi ambaliya.

Sai madatsun ruwa. An gama madatsar Kainji a 1968, ta Lagdo a kan Binuwai cikin Kamaru a 1982. Ayu dabba ce mai bin ruwa, da damina ya bazu cikin fadamu, da rani ya koma zurfi. Madatsa takan raba na sama da na ƙasa, takan kuma canja lokacin zuwan ruwa da janyewarsa, sai wani ya maƙale a tafkin da ke ƙafewa. Mutanen bakin kogi a Ajingi ba sa bukatar dogon bayani a nan. Tun da aka yi madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, dattawa sun ga yadda halin kogi ya sauya, mutanen Haɗeja da Nguru kuma sun ga yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwansu.

Ana ƙiyasin ayun da ya rage a Afirka bai kai 10,000 ba. Dokar Najeriya ta 1985 kan dabbobin da ke cikin haɗari ta hana kashe shi da cinikinsa, a 2013 kuma ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES suka haramta fataucinsa tsakanin ƙasa da ƙasa. Wanda yake ganin irin wannan dabba ba za ta ƙare ba, ga labarin wani ɗan uwan ayu. A 1741 matuƙan jirgin ruwan Rasha suka tarar da shi a tekun Bering mai tsananin sanyi, ƙato ne da ya kai mita takwas. Mafarauta suka far masa saboda nama da mai. Zuwa 1768 ba a sake ganin ko ɗaya ba. Shekara 27 ke nan.

Kaɗanya

Kaɗanya tana cikin tsirrai masu fure, wato waɗanda sai sun yi fure sannan su ba da 'ya'ya, irin kuma yana cikin ɗan. Gero da wake da mangwaro duk 'yan wannan aji ne. Da tsakiyar rani, lokacin da ta kakkaɓe ganye, take fitar da fure fari-fari mai ƙamshi a bakin rassa. Ƙudan zuma ne yake ɗaukar garin furen wannan ya kai wa wancan, da haka ciki yake shiga. Inda aka ƙona amya, ko aka yawaita feshin maganin ƙwari, 'ya'yan kaɗanya sukan ragu. 'Ya'yan suna nuna ne da farkon damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shi ya sa kakanninmu suka riƙe ta da daraja: a sha zaƙin, a ajiye ƙwallon. Kusan rabin nauyin ƙwayar da ke ciki mai ne.

A duk duniya Afirka kaɗai take fitowa, a wani dogon zirin ƙasa daga Senegal har Uganda. Wani Bature ɗan Sikotlan mai suna Mungo Park ya ga ana sarrafa man kaɗe a ƙasar Mali a 1796, ya rubuta labarinsa, har masana suka daɗe suna kiran bishiyar da sunansa. Shi ne ya mutu a kogin Neja wajen Busa a 1806, garin da tafkin Kainji ya shanye daga baya, inda ayu yake kiwo yau. Yanzu man kaɗe ya zama hajar duniya. Mafi yawan wanda ake fitarwa waje a abinci yake ƙarewa, musamman cakulan, tun da a shekarar 2000 Tarayyar Turai ta yarda a sa irin wannan mai har kashi 5 cikin ɗari a cikinsa. Sauran kuma man shafawa da sabulu. Najeriya ce kan gaba wajen yawan ƙwallon kaɗe, jihohin Neja da Kwara da Kebbi da Kaduna ne cibiyarsa, kuma a watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida don a riƙa sarrafa shi a gida.

A Jihar Kano ta fi yawa a kudu, wajen Sumaila da Tudun Wada da Doguwa da dajin Falgore. A ƙasar Gaya da Ajingi jefi-jefi ake ganinta, cikin ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo. Mu muna bakin iyakarta ta arewa ne, inda ruwan sama bai cika wadatar da ita ba, saboda haka kowace ɗaya da ta faɗi a nan mayar da ita ya fi wuya.

Gatari shi ne abokin gabarta da kowa yake gani. Itacenta yana da nauyi da ƙarfi, yana yin turmi da taɓarya, gawayinta kuma yana daɗewa yana ci, ga birnin Kano da ba ya ƙoshi da gawayi, balle yanzu da gas da kalanzir suka yi tsada. Akwai kuma kauci, wanda ke kama reshe yana tsotse ta har ta bushe. Amma a ganina babbar masifar ita ce wadda ba a gani, kuma a kanta nake so mu tsaya.

Kaɗanya ba ta cika fara 'ya'ya ba sai ta shekara 15 zuwa 20. Ba ta kai ƙarfinta sai wajen shekara 40 ko 50, daga nan kuma takan rayu shekara 200 ko fiye. Ƙwallonta ba ya ajiyuwa don shuka, in ya bushe na 'yan makonni ya mutu. In ya tsira kuma, saiwa yake fara turawa can ƙasa, ya yi shekaru a sama ba a ganin komai sai 'yan ganye kaɗan da ba su wuce taƙi ɗaya ba. A zamanin da, kaɗanya a saura take girma. Manomi ya bar gona ta huta shekara goma ko fiye, ƙananan su samu su miƙe, in ya dawo sassabe ya zaɓi masu kyau ya bari. Yau a Kademi ko Toranke ko Balare wa yake da gonar da zai bari ta huta? Gado ya rarraba gonaki, kowace shekara ana nomansu, garmar shanu tana bi ta tumɓuke ɗan tsiron, wanda ya tsira daga garma kuma akuya ta same shi da rani. Ƙwallon ma mata sun tsince shi kaf saboda ya yi kuɗi.

Sakamakon shi ne, mutum zai tsaya a gona ya ga manyan kaɗanyu uku ko huɗu ya ce lafiya lau. Bai lura cewa duk tsofaffi ba ne, kakansa ya gan su a haka, kuma babu ƙarama ko ɗaya a bayansu.

Inda suka yi kama

Mu yi ɗan lissafi. Akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, sau da yawa ta haifi biyu, kuma takan haihu sau uku cikin shekara biyu. Cikin shekara shida, akuya ɗaya tana iya ba ka 'ya'ya fiye da goma, ban da jikoki. Macen ayu ba ta fara haihuwa sai ta shekara uku zuwa biyar ko fiye. Cikinta yakan kai shekara guda ko ya ɗan ɗara, ɗa ɗaya take haifa, ta shayar da shi har kusan shekara biyu. Cikin waɗannan shekaru shida, in ta yi ƙoƙari ta haifi biyu. In aka kashe uwa mai goyo, ɗan ma ya tafi. Shi ya sa ake yanka awaki kullum ba su ƙare ba, ayu kuwa kashe kaɗan a shekara ya isa ya ƙarar da na tafki guda.

Kaɗanya ma haka take. Mai gatari zai kayar da ita kafin azahar, a sayar da gawayin cikin mako, kuɗin ya ƙare kafin wata. Wadda za ta maye gurbinta kuwa, in ma an samu, yaron da aka haifa ranar sai ya isa aure kafin ya sha ɗanta na fari. Duk halittar da ke da jinkirin haihuwa, ba yawan manyanta ake dubawa ba in ana son sanin lafiyarta. Ƙananan ake nema. Su biyun kuma suna bukatar wurin renon: ayu fadamar da ruwa ke malalawa, kaɗanya saurar da ba a taɓawa, kuma duka biyun mun cinye su da noma da gini.

Inda suka rabu

Ba a samun man ayu sai an kashe ayu. Man kaɗe kuwa ana samunsa kowace shekara bishiyar tana tsaye, wanda ya sare ta ma shi ya rasa man. Masu talla suna cewa man ayu yana maganin ciwon jiki da ciwon kunne da sha'anin ma'aurata, amma babu wani binciken likita da ya tabbatar da haka. Mai saye kuma ba shi da hanyar gane abin da ke cikin kwalbar. In jabu ne, an cuce shi. In na gaske ne, da kuɗinsa aka biya wanda ya kashe dabbar da doka ta hana kashewa. Wannan ita ce kaɗai igiyar da ta ɗaure mutumin Gaya da ayun Binuwai, kuma sakinta ba ya bukatar ko sisi.

Bambanci na biyu ya fi wannan muhimmanci a wurinmu. Ayu ba shi da mai shi. Yau yana ruwan wannan gari, gobe yana na wancan, kowane mafarauci yana tunanin in ya bar shi wani ne zai ɗauka. Kare shi sai an haɗa hukuma da sarakunan ruwa da masunta. Kaɗanya kuwa a ƙasar Kano tana da mai ita, ana gadonta, an san wanda ke da ikon 'ya'yanta. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya yi shekaru tun daga wajen 1960 yana nazarin gonakin kewayen Kano. Abin da ya gano ya saɓa wa zaton mutane da yawa: duk da cunkoson jama'a, manoma ba su ƙarar da bishiyoyin gonakinsu ba, suna kula da su ne kamar sauran dukiya. Ashe ɗabi'ar tana nan a jininmu. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa ta daga babbar bishiya zuwa ɗan tsiro.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna yana yiwuwa. Tun wajen 1983 manoma a can suka fara abin da suke kira sassabin zamani: in an zo sharar gona ba a tumɓuke kowane toho, sai a zaɓi ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kututture, a rage sauran, a bar su su tashi. Da wannan dabara aka farfaɗo da bishiyoyi a kan kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, yawancinsu gawo, ba tare da an sayi dashe ba. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa.

Ga kaɗanya, wanda ya ga ɗan tsironta a gona sai ya kafa masa turke don mai garma ya kauce, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Mai son shukawa ya tsinci nunannen ɗan da ya faɗo da kansa, ya cire naman, ya binne ƙwallon cikin 'yan kwanaki a wurin da yake so ta zauna har abada, domin doguwar saiwarta ba ta son a cire a dasa. Iyakar gona ta fi dacewa, amma a yi magana da maƙwabci tukuna don kada ta zama abin rigima ga 'ya'ya. Kada a yi gaggawar cewa bai fito ba, yakan yi watanni. Ana kuma yi wa kaɗanya aure yadda ake yi wa mangwaro, a ɗauko reshen mai yawan 'ya'ya a haɗa da ƙarama, wannan yana rage shekarun jira sosai. Cibiyar binciken NIFOR tana da reshe a Bida da ke aiki a kan kaɗanya, malamin gona na ƙaramar hukuma kuma zai iya nuna yadda ake auren bishiya. In an ga kauci a reshe, a sare reshen tun bai yaɗu ba.

Na san wani zai ce, mai shekara hamsin me zai ci a bishiyar da sai ta shekara ashirin? Gaskiya ne, mai yiwuwa ba zai ci ba. Waɗanda muke sha yau ma waɗanda suka kare su daga garma da akuya ba su ne suka ci moriyarsu mafi yawa ba, kuma malamanmu sun sha yi mana bayanin ladan wanda ya dasa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba za su ci.

Aikin aji da na gida

A aji, kowa ya faɗi abu biyu da suka nuna ayu ba kifi ba ne, sannan ya rubuta su a littafinsa. A lissafa kuma: in an shuka kaɗanya a 2026, ta fara 'ya'ya bayan shekara 18, a wace shekara ke nan, kuma shekarun autanku nawa a lokacin?

A gida, maza su zagaya gonarsu ko ta maƙwabci su ƙirga bishiyoyi kashi biyu, waɗanda suka fi mutum tsawo da waɗanda ba su kai ba, kowane iri da sunansa. Mata su samu wata dattijuwa a unguwa su tambaye ta: "Iya, da kina yarinya a ina kuke tsintar kaɗe, kuma wurin yana nan?" Wanda bai iya rubuta amsar duka ba ya riƙe ta a ka. A zama na gaba za mu haɗa alƙaluman kowa a kan allo, unguwa-unguwa, mu ga wace bishiya ce ba ta da ƙanana a ƙasarmu.